Saura Wata Huɗu

Ranar da muka kai Tanimu makwancinsa
liman ya juyo ya tambayi jama'a:
"Akwai mai bin sa bashi? Ya faɗa yanzu."
Mai shayin Kwangila ya ce ya yafe ɗari uku.
Wani bakanike ya ɗaga hannu, ya sauke.
Muka shafa, muka karkaɗe ƙasa,
na ce ƙanena ya tafi babu nauyin kowa.

Kwana tara, ina tsaka da yankan shadda,
alli a bayan kunne,
sai kira.
"Malam Barau? Kai ka tsaya wa Tanimu Ilu
a shagonmu na Sabon Gari.
Waya ce, biya kaɗan-kaɗan.
Saura wata huɗu."

Na ce ya rasu.
Ta ce, "Allah ya jiƙansa, yaushe za ka biya?"
Numfashi ɗaya ya ɗauko su biyun,
ta'aziyya a gaba, bashi a goye.

Daga nan suka fi ladan sanin lokaci.
Kira da hantsi, kira da la'asar,
kira ina ƙoƙarin zura zare a allura.
Sai saƙo ga surukina a Gyallesu,
saƙo ga shugaban teloli:
wai Barau ya gudu da kayan kamfani.
Ni?
Shekara ashirin da biyu a Tudun Wada,
benci ɗaya, keke ɗaya,
har ƙafata ta ci ƙarfen fedal.
Ina na gudu?

Ran Laraba mutum biyu suka zo a babur,
da takarda mai ɗauke da dangwalen yatsana.
Babban yana magana yana auna kekena da ido.
Ƙaramin bai ce uffan ba,
wandonsa ya farke a gwiwa.
Na ba su ruwa.
Na ce wa ƙaramin, kawo in kama maka, ba sai ka biya ba.
Ya sunkuyar da kai.

Wayar tana nan cikin durowa
tare da maɓallai da guntun zik.
Gilashinta ya tsage tun daren da tirela ta taka burki a makare.
In na kunna ta, rubutu ɗaya ne:
an rufe, a biya a buɗe.
Ladidi, 'yarsa, shekararta biyar,
ta ce muryar Babanta na ciki,
wa ya kulle shi?

Wata rana mai kiran ta manta karatunta.
Ta yi ƙasa da murya ta ce,
"Baba, in ban kawo mutum goma a sati ba
ni ma babu albashi."
Na ji fanka na juyawa a bayanta,
da wasu muryoyi kamar tata
kowace tana tambayar wani yaushe.
Ashe igiya ɗaya ce, wuya ne daban-daban.

Na karɓi ankon biki daga Samaru,
riga goma sha takwas, dare shida ban miƙe ba.
Na kai kuɗin wata guda.
Kafin in iso gadar Kubanni wayar ta waye.

Da dare muka zauna, ni da Ladidi.
Ba wasiyya ba ce, ba wata babbar magana ba.
Iska, ƙarar babur, sai shi:
"Yaya, ga ni a Ɗanmagaji,
in taho da rake ne, ko akwai?"
Sau bakwai ta sa na maimaita.
A na takwas ta amsa masa: babu.

Saura wata uku.
Ku ci gaba da kira, lambar ba ta canza ba.
Amma ku rubuta a takardarku
ba tsoron babur ɗinku ya sa nake biya ba.
Liman ya yi tambaya a bakin kabari,
ku ne ba ku zo jana'iza ba.